Yatsuna suna mutuwa da dare, abokai kuma suna cewa in bar PHP: ta ina zan fara?

Tambayar ta fito daga wani matashi mazaunin Kano da ke rubuta wa wani kamfani na Kalifoniya manhaja daga gida. Da yaren kwamfuta na PHP yake aiki, da Laravel, wato tsarin gina manhaja da aka yi a kan PHP. Yakan zauna gaban kwamfuta gab da magariba, ba ya tashi sai ƙarfe 2 na dare. Abokansa sun dame shi cewa PHP ya mutu, ya koma sababbin yaruka irin Rust ko Go tun kafin a bar shi a baya. A wurin aikin ma ana shawarar a farfasa manhajar gida-gida a ɗora ta kan Kubernetes, wato tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan kwamfutoci da yawa, kuma an nemi ra'ayinsa. Can a ƙarshen saƙon ya ƙara da cewa yatsun hannunsa na dama suna mutuwa cikin dare, kwankwaso na ciwo, ido na yaji, kuma diclofenac ɗin da yake saya a kemis ya daina yi masa aiki.

Ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Da abin da ka saka a ƙarshen saƙonka zan fara, domin shi ne na gaggawa, kuma za ka ga yadda yake ɗaure da sauran.

Idan hannun ya sake tashinka daga barci, ka lura da yatsun da suka mutu. Idan babban yatsa ne da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da ƙarami, shi kuwa ƙaramin lafiyarsa lau, to alamar tana nuna jijiyar da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu. Wannan jijiya tana bi ta wani matsattsen rami tare da igiyoyin tsoka 9 masu lanƙwasa yatsu. Da wurin ya ɗan kumbura, ita ce mai laushi a cikinsu, ita ake matsewa. Abin yakan fi tsanani da dare saboda mutum yana naɗe wuyan hannu cikin barci bai sani ba, shi ya sa kake farkawa kana yarfe hannu kafin ka ji ya saki. Idan kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin maƙwabcinsa, to wata jijiyar ce daban, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda idan ka buge ta a jikin ƙofa kake jin kamar lantarki ya ja ka. Ita abin da ke damunta shi ne dogara gwiwar hannu a kan tebur na tsawon sa'o'i, ko kwana da hannu a naɗe ƙarƙashin kai.

Gyaran biyun ba iri ɗaya ba ne, kuma likita ne zai tantance. A Kano kake, ga Asibitin Ƙashi na Dala, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, dukansu suna da sashen gashin ƙashi. Ka je cikin wannan makon. Ka faɗa wa likitan ainihin yatsun, da lokacin da abin ke zuwa, da irin aikinka. Kada ka yi mamaki idan ya tura ka awon suga, domin ciwon suga da ƙiba da raunin aikin tayirod (wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya) suna cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan matsala, ba kibod kaɗai ba. Sau da yawa abin da ake farawa da shi ɗan takalmin hannu ne da ake ɗaurawa da dare don wuyan hannu ya kwana a miƙe, kuma mutane da yawa a nan suke samun sauƙi. Amma idan ka ga tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko kofin shayi yana suɓucewa daga hannunka, ko saka maɓallin riga ya fara gagararka, to jijiyar ta fara lalacewa, jinkiri kuma zai iya barin tabon da ba ya gyaruwa.

Diclofenac kuwa ka daina shan sa kullum. Ba ya buɗe ramin da jijiyar ta matse a ciki, yana dai rage maka jin zafin ne don ka ci gaba da yin abin da ya jawo shi. Shi da ibuprofen da danginsu suna cin ciki har su kai ga gyambo, suna wahalar da ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini. Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ke shan su da yunwa, ko cikin zafin Afrilu ba tare da isasshen ruwa ba. Idan wani a kemis ko cikin abokai ya ce maka tramadol ya fi ƙarfi, ka tuna samarin unguwarku da suka fara ta haka don su jure aiki.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne tushen damuwar: agogo. Kano tana gaban San Faransisko ta Kalifoniya da sa'a 9 a lokacin sanyinsu, sa'a 8 a lokacin zafinsu, saboda su suna juya agogo sau biyu a shekara, mu ba ma juyawa. Ƙarfe 9 na safensu shi ne ƙarfe 6 ko 5 na yammarmu. Ƙarfe 5 na yamma da suke tashi shi ne ƙarfe 2 ko 1 na darenmu. Ka rufe kwamfuta ƙarfe 2, kai bai huce ba sai wajen 3, ladan ya kira asuba bayan 5. Ka koma ka kwanta, gari ya waye, yara da masu talla da zafin rana ba za su bar ka ba. Babban mutum yana buƙatar barcin sa'a 7 zuwa sama, kai kuwa guntu-guntu kake haɗawa.

Wannan yana taɓa aikin kansa. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa da saurin hannunsa sukan faɗi zuwa matakin wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jini, matakin da ƙasashe da dama ke hana tuƙi a kai. Wanda ya tashi ƙarfe 8 na safe, da ƙarfe 1 na dare ya kai wurin. A wannan halin kake rubuta abin da ke taɓa kuɗin mutane da bayanansu. Kuskuren da ka shuka ƙarfe 1 na dare, kai ne za ka kwana biyu kana nemansa. A ɓangaren jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa mai aikin sa'a 55 ko fiye a mako yana da ƙarin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da ƙarin haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta shi da mai aikin sa'a 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu ta wannan hanya a shekarar 2016 kaɗai. Ka lissafa naka sa'o'in da gaskiya, har da koyon da kake yi da rana da kwangilolin gefe.

Ba cewa nake ka ajiye aikin ba. Na san abin da albashin dala yake nufi ga gida a wannan lokaci, na kuma san bakin mutum nawa ke jiransa. Abin da nake so ka gane shi ne, bambancin agogon nan kaya ne da za ka iya sayarwa. Tsakar darensu shi ne ƙarfe 8 ko 9 na safenka. Duk kamfanin da manhajarsa ke aiki dare da rana yana da wani bawan Allah a Kalifoniya da wayarsa ke tashinsa ƙarfe 3 na dare idan saba, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, ta faɗi, kuma babu wanda ke son wannan aikin. A lokacin kai tsakar ranarka ce, idonka garau. To ka rubuta wa shugaban sashenku: za ka ɗauke musu zaman ko-ta-kwana na darensu, su kuma su sake ka bayan sa'a 4 na farkon ranarsu. Wato ku haɗu daga 6 zuwa 10 na dare, ko daga 5 zuwa 9, a yi duk wani taro a ciki, sauran aikin ka yi shi da safe lokacin da babu mai aiko maka saƙo. Kada ka shigar da maganar a matsayin roƙo don rashin lafiya. Ka shigar da ita a matsayin abin da zai amfane su, domin da gaske zai amfane su. Sharaɗin da ke kanka shi ne rubutu: kullum kafin ka tashi ka bar bayani a fili na abin da ka gama, da inda ka tsaya, da abin da kake jira daga wurin wani.

Idan suka ƙi, to ka san irin aikin da za ka nema nan gaba. Landan da Balin da Amsadam ba sa wuce sa'a ɗaya tsakaninsu da Kano a kowane lokaci na shekara. Aikin da ya ɗan gaza a albashi amma yake barin ka ka kwanta bayan isha, ni a wurina ya fi.

Sai maganar PHP. Tun da na fara wannan sana'a nake jin ana yi masa jana'iza. Rasmus Lerdorf ya fitar da shi a 1995. WordPress, manhajar haɗa shafuka da aka gina a kansa, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet. Wikipedia, har da ta Hausa, a kan PHP take tafiya. PHP 8 da ya fito a ƙarshen 2020 ya yi nisa da wanda masu zaginsa suka sani shekaru goma sha da suka wuce, Laravel kuma tun 2011 yake girma, da jama'a masu yawa a bayansa. Abokanka suna faɗin abin da suke gani ana yayi ne a X da YouTube, su kuma masu yin bidiyon sabon abu ne abincinsu.

Rust da Go kayan aiki ne masu kyau, kowanne da inda ya dace. Go ya fito daga Google a 2009, da shi aka rubuta manyan kayan aiki irin Docker da Kubernetes, yana da sauƙin koyo, yana kuma da kyau wajen sabis ɗin da ke karɓar buƙatu masu yawa lokaci guda. Rust ya kai sigarsa ta 1.0 a 2015, an yi shi ne don magance kurakuran sarrafa ma'adanar kwamfuta da suka addabi tsofaffin yarukan C da C++, kurakuran da Microsoft ya ce su ne kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaron da yake toshewa. Har cikin zuciyar Linux an fara karɓar sa a ƙarshen 2022. Amma kai me kake ginawa? Mutum ya cike fom, a adana, a lissafa, a tura saƙo, a fitar da rahoto. A irin wannan aiki, idan manhaja ta yi nauyi, galibi laifin yana wajen rumbun bayanai: tambaya ɗaya da ake maimaitawa sau ɗari cikin zagaye, ko teburin da ba a yi masa fihirisa ba. Ka sake rubuta ta da Rust, nauyin yana nan inda ka bar shi.

Direban haya mai hankali yakan sayi motar da kayan gyaranta ke jibge a Ƙofar Ruwa, wadda kowane bakanike ya san cikinta, domin ranar da ta tsaya masa a hanyar Zariya da dare ba kyanta ne zai tashe ta ba. Haka nake auna fasaha. Idan ta lalace ƙarfe 11 na dare, mutum nawa ne suka taɓa cin karo da wannan matsalar suka rubuta maganinta? Idan ka kwanta rashin lafiya, akwai wanda zai iya karɓar aikin? A kan Laravel da rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL, kusan duk saƙon kuskuren da za ka gani wani ya riga ka ganinsa shekaru da suka wuce. A kan abin da ya fito bara, kai ne za ka zama na farko, kuma da barcinka za ka biya kuɗin karatun.

Sabo ma ba shi da tabbas. Waɗanda suka zuba ƙarfinsu a AngularJS, wani tsarin gina shafukan intanet na Google, sun wayi gari a 2016 Google ya fitar da Angular 2 wanda kusan sabon abu ne gaba ɗaya, aka kuma daina kula da tsohon a ƙarshen 2021. Abin da bai tsufa ba a tsawon wannan lokaci shi ne SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, da yadda HTTP, ƙa'idar musayar saƙo a intanet, ke aiki, da Linux, da Git mai adana tarihin canje-canjen aiki, da iya karanta aikin wani ka gane shi, da iya rubuta bayani a fili. Idan kana da sa'a 3 na koyo a mako, a nan za ka zuba su. Wanda ya iya karanta abin da umarnin EXPLAIN ya nuna masa na yadda rumbun bayanai ke amsa tambaya ya fi wanda ya san gaisuwa cikin yaren kwamfuta biyar daraja a kasuwa.

Game da farfasa manhajar kuwa, tunda an nemi ra'ayinka, ka tambaye su ku nawa ne. Rarraba manhaja zuwa ƙananan sabis-sabis magani ne na matsalar yawan jama'a: injiniyoyi ɗaruruwa suna taka ƙafar juna a wuri guda, sai a raba musu gida kowa ya riƙe nasa. Idan ku shida ne ko goma, ba ku da wannan ciwon, illar maganin kawai za ku kwasa. Abin da a da kira ne daga wannan aiki zuwa wancan a cikin manhaja ɗaya, yanzu sai ya bi ta hanyar sadarwa, yana iya jinkiri, yana iya ɓacewa, yana iya isa sau biyu. Kuskuren da kake ganowa a fayil ɗaya, yanzu sai ka bi sawunsa a wuri bakwai. Kubernetes kansa sana'a ce mai zaman kanta da ke buƙatar mai kula da ita. Lokacin da Facebook ya sayi Instagram kan dala biliyan 1 a 2012, ma'aikatansa 13 ne, masu amfani da shi sun kai miliyan 30, kuma a kan sanannun kayan aiki, Django da PostgreSQL, yake zaune. GitHub da Shopify sun girma a kan Ruby on Rails, wani tsari irin Laravel. Ka ba su shawara a gyara iyakoki a cikin manhajar yadda take, a fitar da ayyuka masu nauyi kamar tura imel da haɗa rahoto zuwa layin jira, wanda Laravel ya riga ya zo da shi. Idan wani ɓangare guda ya nuna da hujjar awo cewa yana buƙatar zama shi kaɗai, sai a cire shi shi kaɗai. Wataƙila ma a nan ne Go zai shigo, ka koye shi a kan aikin gaske kuma a cikin lokacin da ake biyanka.

Haka ma laburaren da kuke jawowa, wato kunshin aikin da wasu suka rubuta. A Maris 2016 wani ya janye ɗan ƙaramin kunshi mai suna left-pad daga npm, rumbun da ake ajiye irin waɗannan kunshi, layi 11 kacal, sai ginin manyan ayyuka irin su Babel ya tsaya cak a faɗin duniya. Duk abin da ka jawo cikin aikinka ka ɗauki alhakin bin lafiyarsa, ranar da ɓaraka ta fito a cikinsa kai za a tasa.

Abin da ya fi yaren da ka zaɓa tasiri a kan barcinka shi ne yadda kuke sakin sabon aiki. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar sama da dala miliyan 440 cikin minti 45. Da hannu aka kwafa sabon aikin zuwa sabobinsu 8, aka tsallake guda, ita kuma ta tayar da wani tsohon umarni da aka daɗe da daina amfani da shi. A ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura gyara mai kuskure ga kowa a lokaci guda, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka ƙi tashi, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka rikice, ma'aikatan fasaha suka cinye ƙarshen makon suna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya. Darasin a wurinku ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Sakin aiki ya zama umarni ɗaya da na'ura ke aiwatarwa iri ɗaya kullum. Komawa sigar baya ma ya zama umarni ɗaya, kuma ku gwada shi tun kafin ranar buƙata. A rubuta gwaji mai sarrafa kansa a kan wuraren da ke taɓa kuɗi da shiga asusu, ko da sauran ba su samu ba tukuna. A saki canji ƙanana-ƙanana, a fara da 'yan mutane kaɗan. Kada ka saki komai a sa'arka ta ƙarshe kafin barci. Kwafin ajiyar bayanai kuma, sai ranar da kuka dawo da shi kuka ga ya tashi za ku ce kuna da shi.

Ƙararrawar da ke tashin mutum ita ma a tace ta. Injiniyoyin Google sun wallafa ƙa'idarsu cewa zaman ko-ta-kwana kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari na lokacin ma'aikaci, kuma kada matsala ta wuce biyu a zaman sa'a 12. Duk saƙon da ya tashe ka amma ba abin da za ka iya yi a kai sai da safe, a mayar da shi imel.

Mu koma ɗakinka. Ina kyautata zaton laftof ce kawai, wani lokaci a kan tebur, wani lokaci a kan cinya kana jingine da filo a katifa. Laftof tana tilasta maka zaɓi: ko allon ya yi daidai da ido hannu ya rataye, ko hannu ya yi daidai wuya ya sunkuya. Maganin ba shi da tsada. Ka ɗora ta kan littattafai har saman allon ya zo daidai da idonka, nisansa kamar tsawon hannu, ka sayi kibod da linzami na daban. Ka zauna, ka saki kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwar hannu ta yi kusurwa sosai: inda tafin hannunka ya tsaya, nan ne tsayin da kibod ya kamata ya kasance. Yawancin teburan da ake sayarwa sun fi haka tsayi, sai mutum ya ɗage kafaɗa ko ya kafa wuyan hannu a bakin tebur, daidai kan jijiyar da muka yi magana. Kafintan unguwarku zai rage ƙafafun teburin cikin rabin sa'a. 'Yan ƙafafun nan na bayan kibod ka kwantar da su, suna sa wuyan hannu ya karye sama. Tafin ƙafa ya taka ƙasa, ka naɗe tawul ka sa a kwankwaso idan kujerar ba ta tallafe shi. Ka lura da yadda kake danna Ctrl da C da hannu ɗaya kana murɗe shi: ka saba amfani da hannu biyu, ko ka mayar da Caps Lock ya zama Ctrl. Linzamin kuma ka mayar da shi hannun hagu na 'yan makonni, zai ba ka haushi da farko, amma na daman zai huta.

Duk kyan kujera, daɗewa a zaune shi ne matsalar. Kowane rabin sa'a ka miƙe ko na minti biyu ne. Ka ajiye ruwan sha nesa da tebur don dole ta tashe ka. Magariba da isha suna faɗowa cikin lokacin aikinka, ka taka zuwa masallaci maimakon ka shimfiɗa darduma a gefen kujera, ka kuma sa lokutan a kalandar aiki don kada a ɗora maka taro a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2. Tafiyar sauri ta rabin sa'a bayan asuba ko bayan la'asar, kwana biyar, ta cika na farkon. Ciwon baya irin naka yawanci motsi ne ke warkar da shi, kwanciya tana ƙara shi. Amma idan ciwon ya sauka ƙafa da rauni, ko ka ji tsakanin cinyoyi ya mutu, ko riƙe fitsari ya gagara, ko ya zo da zazzaɓi da rama, wannan na asibiti ne a ranar.

Idon kuma bushewa ce galibi. Mai kallon allo yana rage ƙifta ido sosai bai sani ba, ga fanka tana busa fuska, ga ƙurar hunturu. Duk minti 20 ka kalli abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙifta da gangan. Ka kawar da fankar daga fuskarka, ka ƙara girman rubutu, kada ka zauna cikin duhu allo kaɗai na haske. Gilashin nan da ake tallatawa na tare shuɗin haske, bitar binciken da aka yi a 2023 ba ta samu hujjar cewa yana rage gajiyar ido ba. Kuɗin ka kai su awon ido, domin mutane da yawa da ke fama da ciwon kai gaban kwamfuta gilashin gani ne suke buƙata ba su sani ba. Kada ka ɗiga maganin idon da ba likita ne ya rubuta ba, wasu suna ɗauke da sinadarin da ke jawo hawan jinin ido.

Kofi da shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari duk abu ɗaya ke aiki a cikinsu, kuma jiki yana ɗaukar wajen sa'a 5 kafin ya rage rabinsa. Abin da ka sha ƙarfe 9 na dare, rabinsa yana jininka ƙarfe 2. Ka tsayar da su daga la'asar. Idan jadawalin ya gyaru, ƙailula ta minti 20 bayan azahar za ta riƙe ka zuwa 10 na dare. Ka sayi na'urar awon jini ka riƙa dubawa, idan kana yawan ganin 140 bisa 90 ko sama, ka kai wa likita lambobin.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa: janareta. Mai aikin dare shi ne ke kunna inji lokacin da kowa ke barci, kuma tsoron ɓarayi yana sa a shigo da shi baranda ko lungun da ke kusa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, ta kashe iyalai sukutum a ƙasar nan. Ciwon kai da jiri da kasala da kake ɗora wa gajiya suna iya zama alamarta. Injin ya zauna a fili, nesa da taga da ƙofa. Idan albashi ya shigo, ƙaramin sola da batir da zai riƙe laftof da fanka da na'urar intanet ya riga sabuwar waya, ya riga kowane kwas na Rust.

Go kuwa, idan bayan hannun ya saki kuma barcin ya daidaita har yanzu ranka yana so, ka ba shi safiyar Asabar. Ka ɗauki ƙaramin abu guda da ka riga ka gina da Laravel ka sake gina shi, ka auna su biyun, ka ga da idonka inda ya fi da inda bai fi ba. Amma saƙon shugaban sashenku da ganin likita, waɗannan na wannan makon ne.